Matar da ta bar fadar Blenheim da ƙafarta, me ya dawo da gawarta gefen gidan?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu sanin tarihin Turawa, amma ku yi haƙuri da ni sai na ɗan yi shimfiɗa.

Ranar Asabar da ta wuce na samu hutu bayan sati guda ina aikin dare, na ce yau kam ba zan kashe yinin a kan katifa ba. Na hau bas daga Oxford zuwa Woodstock, na shiga fadar Blenheim, gidan sarautar Marlborough a Ingila. Abin da ya kai ni shi ne ɗakin da aka haifi Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, a 1874, don shi kowa ke rububin gani. Ɗakin ma ɗan ƙarami ne, ba wani abin a-zo-a-gani ba. Inda na kafe shi ne wani falo mai jan bango, gaban wani zane da ya fi ƙofar gida tsawo. Mutum huɗu ne a ciki da karnukansu: miji cikin alkyabbar sarauta, mata cikin baƙar riga mai faɗin hannu, sai 'ya'yansu maza biyu, babban yana tsaye tsakanin uwa da uba. Matar doguwa, ga wuya kamar na barewa. Mai zagayawa da mu ta ce John Singer Sargent ne ya zana su a 1905, kuma da gangan ya tsayar da matar a kan matakala don mai kallo ya ɗora wa matakalar laifi, alhali ko a ƙasa ɗaya suka tsaya ta kere mijin. Aka yi dariya. Ni ban yi ba, fuskarta nake kallo. Na sha ganin irin wannan fuskar a wurin aiki, ta mai jinyar da ta kwana a kan kujera kuma ba ta son a tambaye ta lafiya. Shekara ɗaya bayan zanen suka raba gari.

Sunanta Consuelo Vanderbilt, 'yar New York, tattaɓa-kunnen Cornelius Vanderbilt mai jiragen ruwa da layin dogo. Tana da shekara 18 aka aurar da ita ga Duke na 9 na Marlborough, mai wannan fada (Duke babbar sarautar gado ce a Ingila), ranar 6 ga Nuwamba 1895, kuma an ce sai da aka yi ta jiranta a coci saboda kuka ya kumbura mata ido.

To da na fito, sai na taka zuwa ƙauyen Bladon, can ƙarshen harabar fadar, don in ga kabarin Churchill. Maƙabartar coci ce 'yar ƙarama, ba a yi mata wani ado ba. Ina cikin karanta duwatsun sai ga sunan matar nan: Consuelo Vanderbilt Balsan, mahaifiyar Duke na 10, an haife ta 2 ga Maris 1877, ta rasu 6 ga Disamba 1964. Na yi tsaye kamar an dasa ni. A Amurka fa ta rasu. Matar da ta bar gidan nan tun 1906, ta yi wani aure, ta kusa shekara 60 ba ta zaune a cikinsa, a ce an ɗauko gawarta an haye teku da ita zuwa bakin gidan?

Tambayata biyu. Me ya sa attajiran Amurka ke bin sarautar da aljihunta ya huje, har su ne ke biyan kuɗi a karɓi 'yarsu? Sannan me ya dawo da ita?

Tsohon Malami:

Wa'alaikumus salam 'yata. Ta biyun zan bar wa mata, sun fi ni sanin zuciyar uwa. Ta farkon ce zan taɓa, don ruwa ba ya tsami banza.

Arzikin basaraken Ingila a wancan zamani ƙasa ce. Ba ya kasuwanci, a ganinsa ma abin kunya ne. Yana da dubban eka, manoma na noma suna biyansa kuɗin haya, da wannan yake ciyar da barori da dawaki, da shi yake toshe yoyon rufi. Daga shekarun 1870 sai alkamar Amurka ta fara kwararowa. An buɗe filayen tsakiyar ƙasar, jirgin ƙasa na kwaso hatsi zuwa bakin teku, jirgin ruwa mai tururi na hayewa da shi a kan araha. Tsakanin farkon shekarun 1870 da 1894 farashin alkama a Ingila ya faɗi da fiye da rabi. Manomi ya kasa biyan haya, mai ƙasa ya rage masa ko gonar ta zauna fayau. A 1894 kuma gwamnati ta kawo sabon harajin gado, wanda ya kai kashi 8 cikin 100 a kan manyan dukiyoyi. Ki lura da abin dariyar: layin dogon da ya taimaka wajen karya su, irinsa ne ya tara wa gidan Vanderbilt dukiya. Wanda ya kayar da kai shi ka je wa neman sanda.

Gidan Marlborough tun kafin nan sun fara cin jikinsu. An sayar da tarin duwatsu masu daraja a 1875, an yi gwanjon babban ɗakin karatun gidan a farkon shekarun 1880, a 1885 aka sayar wa gidan adana zane na ƙasa da ke Landan wani zanen Raphael a kan fam 70,000. Uban mijin Consuelo ma sai da ya auro wata bazawara Ba'amurkiya mai kuɗi, Lilian Hamersley, a 1888, da kuɗinta aka sa wutar lantarki da na'urar ɗumama gida. Kin ga ɗan ba shi ya fara ba, tafarkin da ya tarar ya bi.

A ɗaya gefen tekun kuma, matsalar ba kuɗi ba ce, kujera ce. Tsofaffin gidajen New York, ƙarƙashin matar Astor, jagorar manyan matan birnin, suna yi wa sababbin masu kuɗi kallon 'yan tasha da suka tsinci dami a kala. Alva, uwar Consuelo, ta daɗe tana wannan yaƙi. Ita ce ta shirya gagarumin bikin shigar ban-mamaki na 1883 da ya tilasta wa matar Astor ta san da zamanta, ita ce ta sa aka gina katafaren gidan Marble House a garin Newport a kan kusan dala miliyan 11. Sai kuma a Maris 1895 ta kai mijinta kotu aka raba aurensu, abin da matan ajinta ba sa yi. Ƙofofin da ta sha wahalar buɗewa suka fara rufewa. Wata takwas bayan haka ta zama surukar Duke. Wa zai ƙi gayyatar surukar Duke? Ni a nan nake ganin gaggawar auren ta fito.

Lissafin kuwa a rubuce yake. Uban, William Kissam Vanderbilt, ya ware hannun jari 50,000 na kamfanin dogo na Beech Creek, darajarsu dala miliyan 2.5, kamfanin New York Central ya tsaya cewa ribar ba za ta gaza kashi 4 cikin 100 ba. Dala 100,000 ke nan duk shekara, na ango tsawon ransa. Ita ma aka yanka mata nata daban, daga baya uban ya gina musu katafaren gida a titin Curzon a Landan.

Kuma ba ita kaɗai ba ce a shekarar. A 1895 ɗin Mary Leiter ta Chicago ta auri George Curzon, Anna Gould ta auri wani basaraken Faransa, Boni de Castellane, wanda ya yi ta wadaƙa da dukiyarta har ta rabu da shi a 1906, bayan shekara biyu ta auri ɗan uwansa. Ita kanta Consuelo sunan ƙawar uwarta aka sa mata, Consuelo Yznaga, wadda ta auri magajin Duke na Manchester tun 1876. Tun tana cikin zanen goyo an riga an nuna mata hanya.

Hajiyar Zaure:

Malam ya yi bayanin kuɗi, Allah ya ƙara sani. Amma ni duk lissafin nan bai wanke Alva a wurina ba.

Yarinya tun tana ƙarama ana ɗaura mata sandar ƙarfe a gadon baya, daga kugu zuwa kai, a zaunar da ita karatu a haka don ta saba miƙewa. In ta yi laifi bulalar doki. Wannan tsayin wuyan da ya burge ki a zane, ƙanwata, ki san da abin da aka saye shi. Ta girma ta samu wanda take so, Winthrop Rutherfurd, ɗan gidan mutunci ne a New York, ba matsiyaci ba. Ranar da ta cika 18 ya nemi aurenta suna yawo a kan keke, ta amsa a ɓoye. Uwar na jin ƙishin-ƙishin ta kwashe ta zuwa Turai, da suka dawo ta tsare ta a gida, wasiƙa ba ta shiga ba ta fita. Da yarinya ta yi ƙarfin hali ta ce ga wanda take so, sai uwa ta ce za ta harbe shi, gari na wayewa ta kwanta wai ciwon zuciya, aka ce wa yarinya in uwarki ta mutu ke ce sila. Wace 'yar shekara 18 ce za ta ɗauki wannan? Ciwon kuwa ya warke da aka sa rana.

Shi ma angon bai ɓoye mata ba, tun farkon auren ya gaya mata akwai wadda yake so ya haƙura da ita saboda gidan. Kakarsa kuma ranar da ta fara ganinta ta ce aikinta na farko ta haifi namiji, don kada sarautar ta faɗa hannun Winston Churchill, ɗan uwan ango, wanda a lokacin shi ke biye a layin gado. Ta haifi biyu a jere, 1897 da 1898. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin abin da ta rubuta na rayuwarta shi ne cin abincin dare. Su biyu a teburi, shi ya ture faranti ya jingina yana juya zoben yatsarsa, minti ya yi minti ba wanda ya ce uffan, abinci ya huce. Har ta koma zuwa da kayan saƙa teburi, babban baran gidan kuma ya zauna a waje yana karanta littafi yana jiran a kira shi.

Maganar kabari kuwa, ki koma ki duba wanda ke kwance kusa da ita. Ivor ne, ƙaramin ɗanta, wanda ya riga ta tafiya a 1956. A shekarar ta rasa shi, a shekarar ta rasa mijinta na biyu. Ba wurin Duke ta dawo ba, wurin ɗanta ta dawo. Shi ya sa dutsen bai ce matar wane ba, ya ce mahaifiyar wane.

Ɗan Gardama:

Hajiya, a gafarce ni, amma mun yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Kusan duk abin da kika kawo daga littafinta ya fito, ta kuma rubuta shi ne a farkon shekarun 1950, lokacin uwar ta rasu tun 1933, mijin tun 1934. Matattu ba sa mayar da martani. Masu binciken tarihinta sun nuna ita ma ta yi nata soyayyar a waje tun suna tare, littafin kuwa ya tsallake wannan kamar ba a yi ba. Ban ce ba a zalunce ta ba. Na ce a riƙa tunawa wa ke ba da labarin.

Shi ma mutumin a duba shi. Iyayensa sun rabu yana yaro, sarauta ta faɗo masa a 1892 bai cika 21 ba, da gidan da ke cin kuɗi kamar rijiya, ga kuma tarin bashi. Kuɗin Vanderbilt bai kai su gidan caca ba, a jikin gidan ya zuba su: ya gyara babbar farfajiya, ya sake dasa layin itatuwa, ya sa Bafaranshe Achille Duchêne ya tsara lambunan ruwan nan. Abin da Uwar Biyu ta je ta kalla, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1987, akwai aikinsa a ciki. Mugun miji ne, na yarda, amma ba ɓarnatacce ba ne.

Kuma ba duk auren nan ne na dole ba. Mary Leiter son Curzon take yi tsakani da Allah, ta bi shi Indiya da ya zama wakilin sarauniya, ta rasu a 1906 tana da shekara 36. Jennie Jerome, uwar Churchill, cikin kwana uku da haɗuwa a 1873 suka yi alkawari da Lord Randolph, iyaye ne ma ke jan ƙafa a kan kuɗi. Ita bayan ya rasu sai ta auri George Cornwallis-West, sa'an ɗanta, a 1918 kuma ta auri Montagu Porch, jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Najeriya, wanda Winston ya girme shi da shekara uku. Wa ya yi mata dole?

In kuna neman wadda gidan ya cinye da gaske, ba Consuelo ba ce, Gladys Deacon ce. Ita ma Ba'amurkiya, ƙawar Consuelo ce da ke zuwa ta yi makonni a gidan. Ita tun tana yarinya take mafarkin wannan Duke ɗin, ta kuwa same shi a 1921. Cikin 'yan shekaru zama ya yi tsami, a 1933 aka fitar da ita, ta koma zaman kaɗaici da karnuka, ta rasu a wani asibitin masu taɓin hankali a Northampton a 1977, tana da shekara 96. Wadda aka tura da kuka ta tsira, wadda ta shiga da gudu ta halaka. Uwar Biyu, kin ɗaga kai a barandar babbar ƙofa? Akwai manyan idanu guda 6 da aka zana a silin a 1928, shuɗayen nata ne.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, ina karanta amsarki na buɗe waya na jawo hoton da na ɗauka. Ga sunan Ivor nan a gefe, rabinsa ya fita daga hoton, ni ban ma kula ba. Na daɗe ina kallo.

Ɗan Gardama, na karɓi gyaranka a kan littafin, amma akwai shaidar da ba daga littafi ta fito ba. Daren jiya na bi zancen. A 1926 kotun fadar Paparoma ta soke auren tun daga tushe, bisa hujjar an yi shi ne da tilas, kuma Alva da bakinta ta ba da shaida cewa ita ta tilasta wa 'yarta. Na san kowa na da buƙatarsa a wannan shari'a: Duke na son shiga Katolika, dangin sabon mijinta kuma 'yan Katolika ne da ba su ɗauki aurenta a bakin komai ba sai an warware na farko. Duk da haka, mace mai girman kai irin Alva ta tsaya gaban malaman coci ta ce ni na yi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ita ɗin ce daga baya ta zuba dukiyarta a fafutukar ba matan Amurka 'yancin zaɓe. Matar da ta kulle 'yarta a ɗaki. Har yanzu na kasa haɗa biyun a kaina, kuma da alama 'yar ta yafe mata, don a Faransa kusa da juna suka zauna a ƙarshe.

Na kuma gano dalilin da ya sa rabuwar Consuelo da Duke ta ɗauki shekara 15, daga 1906 zuwa 1921, kafin a yi saki. Kafin 1923 mace a Ingila ba ta samun saki da hujjar mijinta na neman mata kaɗai, sai ta ƙara da wani laifin kamar ƙaurace mata. Amma Consuelo ba zaman jira ta yi ba. Ta buɗe gidan tallafa wa matan fursunoni a Landan, ta shiga maganar matan da ake ƙwarar su a ƙananan sana'o'i, a 1917 ta zama 'yar majalisar gundumar Landan. Tun tana Blenheim ma akwai abin da ta gyara wanda ya fi komai taɓa ni. Ragowar abincin fada da ake kai wa talakawan ƙauye, a gwangwani ɗaya ake haɗa nama da ganye da kayan zaƙi, a cakuɗe. Ita ta ce a riƙa raba kowanne da mazubinsa. Duk wanda ya taɓa miƙa wa mara lafiya faranti ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ranar 4 ga Yuli 1921 ta auri Jacques Balsan, matuƙin jirgin sama ɗan gidan masu masaƙa a Faransa, ba shi da sarautar kowa. Shekara 35 suka yi tare. Sun zauna a Èze a bakin teku da Saint-Georges-Motel, inda ta buɗe wurin jinyar yara, kuma Winston ɗin nan da aka ce ta haihu don a tare masa hanya ya zama amininta, can yake zuwa ya kafa allonsa yana zane. A 1940 da Jamus ta mamaye Faransa suka tsere ta Sifen da Fotugal zuwa Amurka. Bayan tsohon mijin ya rasu, ɗanta ya hau sarauta, ta riƙa zuwa Blenheim a matsayin uwar mai gida da kakar yara. Don haka, Hajiya, ina ganin ba Ivor kaɗai ba ne. Gidan da aka sayar da ita dominsa ya koma gidan jikokinta. Ba a yi wata biyu da binne ta ba aka kawo Winston maƙabartar, 'yan taku kaɗan tsakaninsu.

Idanun nan kuwa, wallahi ta ƙarƙashinsu na shiga, ta ƙarƙashinsu na fita, ina ta laluben tikiti a jaka ban ɗaga kai ba. Sati biyu masu zuwa ina da hutun Laraba, zan koma.